Turaren Juda: Wahala a Habasha, Riba a Faransa

Da yawa daga cikinmu a bakin kakanni muka ji sunan turaren juda, amma ƙalilan ne suka taɓa ganin dabbar da ido. Muzurun juda mai yawon dare ne, jikinsa dabbare-dabbaren baƙi da fari, kuma a ƙarƙashin wutsiyarsa akwai 'yar jaka mai tara wani maiƙo mai kauri kamar man shanu. Ɗanyensa ɗoyi gare shi. Sai an tsarma shi ƙwarai yake komawa ƙamshi, ya kuma sa sauran turaruka su daɗe a jikin tufa.

Habasha ce kan gaba wajen fitar da shi. A yankunan Jimma da Kaffa manoma kan kamo dabbar daga daji, su tsare ta cikin kejin itace mai ƙuncin da ko juyawa sai da ƙyar, su riƙa kankare jakar da cokalin ƙaho bayan kwana goma ko makamancin haka. Abin da ake samu a kowane karo 'yan giram ne. Da can a ƙahon sa ake ɗura shi, ya bi hannun dillalai har masana'antun turare na Faransa, inda ɗigo kaɗan ke shiga kwalba mai ɗan karen tsada.

A 1926 masanin kimiyya Leopold Ruzicka ya gano ƙirar sinadarin da ke ba da wannan ƙamshi, daga nan hanyar haɗa irinsa a ɗakin gwaji ta buɗe. A 1998 kamfanin Chanel ya daina amfani da na dabba. Mun yi wa juda murna, don azabar kejin nan ba ta da mai kare ta. To, amma manomin fa? Shekaru aru-aru yana sayar da ɗanye a kan farashin da mai saye ya yanka, ranar da aka sami madadi kuwa ba wanda ya nemi shawararsa.

Mu da gyaɗarmu da ƙirgin akuyar Sakkwato suka bi wannan hanya, labarin ba baƙo ba ne a wurinmu. Don haka muke tambayar sassan kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu: ɗalibi nawa aka ba aikin binciken ƙaro, ko jema, ko itatuwan turaren wuta da iyayenmu mata ke haɗawa? Masu shirin kama aikin gwamnati kuma, gobe takardun izinin fitar da ɗanyen kaya a teburinsu za su sauka.