Kafin Maniyyatan Shanono Su Hau Jirgi, Wa Ya Duba Na'urorin Ko-ta-kwana?

Da zarar an fara bita, akwai tambayoyin da maniyyaci ba ya gajiya da yi wa jami'in alhazai na ƙaramar hukumarsa. Nawa ne guzurin bana? Yaushe za a yi allura? Masaukin yana kusa da Harami ko sai an shiga mota? Kilo nawa aka yarda a zuba a jaka? Daga Faruruwa zuwa Kokiya, daga Leni zuwa cikin garin Shanono, zancen ke nan. Da wuya ka ji mai tambayar lafiyar jirgin da zai ɗauke shi ya ƙetare hamada da Bahar Maliya. Kuma ba laifinsa ba ne. Manomin da ya sayar da bijimai da buhunan gyaɗa ya haɗa sama da naira miliyan 8, kuɗin kujerar Hajjin 2025, yana da hujjar ɗauka cewa akwai masu cin albashi don su yi wannan tambaya a madadinsa. Da su nake a wannan makon.

Jirgin fasinja na zamani ba ya rabuwa da lantarki ko na minti ɗaya. Injinan da ke tura shi gaba su ne ke juya janaretocin da ke ba shi wuta, su ne kuma ke juya famfunan man da ke motsa fukafukai da wutsiya. Idan suka mutu gaba ɗaya, matuƙi na iya rasa agogunan da ke nuna masa gudu da tsayi, ya rasa rediyo, ya rasa ikon karkata jirgin. Saboda irin wannan rana maƙera suka yi tanadi hawa-hawa. Akwai batura, masu riƙe muhimman na'urori na ɗan lokaci. Akwai ƙaramin inji a wutsiya, wanda matuƙa ke kira APU, mai janaretonsa na kansa. Sannan a jirage irin su Airbus A320 da A330 da Boeing 777 da 787, akwai wata 'yar farfela da ke naɗe a cikin jikin jirgin, ana ce mata RAT. Idan wuta ta yanke sai ta faɗo waje, iskar gudun jirgin ta riƙa juya ta, ta samar da ɗan ƙarfin da zai isa a sarrafa jirgin har ya taɓa ƙasa.

Waɗannan kaya sun ceci rayuka. Ranar 24 ga Agusta 2001, wani Airbus A330 na kamfanin Air Transat da ya taso daga Toronto zuwa Lisbon ya tsiyayar da mansa a saman Tekun Atlantika, injinansa biyu suka mutu. Da taimakon wannan farfela matuƙan suka lallaɓa shi kusan kilomita 120 babu inji, suka sauka a tsibiran Azores da mutum 306, babu wanda ya rasu. A Janairun 2009 kuma, lokacin da tsuntsaye suka kashe injinan jirgin US Airways jim kaɗan da tashinsa daga New York, Kyaftin Chesley Sullenberger ya yi hanzarin kunna injin wutsiya kafin ya sauke jirgin a kogin Hudson. Mutum 155 suka fita da ransu, masu bincike kuma suka lissafa wannan hanzari cikin abubuwan da suka taimaka.

To, ina matsalar take? Matsalar ita ce kayan ko-ta-kwana ba a aiki da su kullum, saboda haka lalacewarsu ba ta yin ƙara. Injin da ke tari, matuƙi zai ji shi yau. Farfelar da ta cije a ɗakinta kuwa, jirgin zai iya shekara yana kai da komowa da ita ba wanda ya sani. Kowane magidanci a ƙauyukanmu ya san irin wannan. Rumbun da aka liƙe tun kaka, idan gara ta shige shi ta ƙasa, daga waje lafiya lau yake. Sai tsakiyar damina, ranar da hatsin ɗaka ya ƙare aka buɗe shi, sannan a tarar da ƙasa. Mai hankali ba ya jiran wannan rana, yana leƙawa tun yana da sauran zaɓi.

A harkar jirage, leƙawar iri biyu ce, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Kamfanin da ya ƙera jirgi ko inji yakan fitar da takardar shawara: mun ga alamar rauni a ƙarfe kaza, yana da kyau a sauya shi. Mai jirgi yana iya yi, yana iya ɗagawa sai ya sami sarari. Hukumar ƙasar da aka ƙera jirgin kuma, wato FAA a Amurka ko EASA a Turai, idan ta ga abin ya kai ga haɗari, sai ta mai da shi umarnin dole mai wa'adi. Wanda wa'adi ya cika bai yi ba, jirginsa ba shi da izinin tashi. Bisa ƙa'idar hukumar jiragen sama ta duniya, ICAO, ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke da alhakin ganin an aiwatar. Ga jiragen da ke ɗauke da lambar Najeriya, wannan nauyi a wuyan hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, yake.

Labarin Boeing 787 ya isa misalin ƙarfin umarnin dole. Ranar 7 ga Janairu 2013, batirin da ke tayar da injin wutsiya ya kama wuta a wani jirgin Japan Airlines da ke ajiye a Boston. Ranar 16 ga watan, wani na kamfanin ANA ya yi saukar gaggawa a Japan saboda matsalar batiri. Nan take FAA ta hana samfurin tashi, sauran ƙasashe suka bi, jirage 50 suka zauna a ƙasa sama da wata uku. Ba a sake su ba sai da aka raba tsakanin ƙwayoyin batirin, aka sa shi cikin akwatin ƙarfe mai bututun fitar da hayaƙi waje. Kamfanin Ethiopian Airlines ne ya fara mai da nasa aiki, ranar 27 ga Afrilu 2013, daga Addis Ababa zuwa Nairobi. A 2015 kuma gwajin ɗakin bincike ya gano cewa idan aka bar wutar jirgin a kunne kwana 248 ba a kashe ba, kwamfutocin da ke kula da janaretocinsa huɗu za su iya ɗaukewa a lokaci guda. Ba a jira ya faru a sama ba, FAA ta ba da umarnin a riƙa kashe wutar ana kunnawa kafin a kai wannan adadi. A duka biyun, an yi gyara ba tare da an yi jana'izar kowa ba.

Shawara kuwa, ga yadda take ƙarewa. Ranar 12 ga Yuni 2025, Boeing 787 na Air India ya faɗi daƙiƙoƙi bayan tashinsa daga Ahmedabad, mutum 260 suka rasu a ciki da ƙasa. Farfelar ta fito, amma jirgin bai yi nisa da ƙasa ba balle ta yi amfani. Rahoton farko ya nuna cewa makunnan man injinan biyu sun koma wurin kashewa. Ya kuma ambaci wata sanarwar FAA ta 2018 kan a duba makullin irin waɗannan makunnai, wadda kamfanin bai yi aiki da ita ba saboda ba dole ba ce. Rahoton bai ce wannan ne sanadin haɗarin ba, kuma dubawar da aka yi daga baya ba ta gano matsala a makullan ba. Abin lura dai shi ne, dubawar da ta kwanta shekara kusan bakwai, da hukumar Indiya ta mai da ita dole, cikin mako guda aka sa a gama ta.

Kada a ce wannan zancen Turai da Indiya ne. A Yulin 2023, NCAA ta dakatar da jiragen Boeing 737 na kamfanin Max Air, kuma cikin dalilan da ta lissafa har da abin da ya faru a Yola ranar 7 ga watan: an sami ruwa a tankokin man wani jirgi, har injin wutsiyarsa ya mutu yana ƙasa. Boeing 737 ba shi da farfelar ko-ta-kwana, da batura da injin wutsiya ya dogara, kuma man da wannan ƙaramin inji ke sha daga tankin da babban inji ke sha yake fitowa. Ashe gurɓataccen mai na iya kashe na gaba da na baya a tare. Hukumar ta yi daidai da ta taka burki. Abin da nake so shi ne irin wannan tsayuwa ta zama ɗabi'a, ba sai abu ya faru a gaban jama'a ba.

Lokacin jigilar alhazai ne aka fi gwada ɗabi'ar. Kwanaki ƙidayayyu ne, Saudiyya na da ranar rufe filayen jiragenta, maniyyata na kwance a sansani suna ƙorafi, manya na bugo waya. A irin wannan matsi ne gyara ke zama "bari a dawo tukuna". Mun taɓa biyan kuɗin wannan. Ranar 11 ga Yuli 1991, wani DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, da aka yi haya yana jigila da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zuwa Sakkwato. Tayoyinsa ba su da isasshiyar iska, makanikin ya nemi a ƙara, aka ƙi jira don kada a makara. Tayoyin suka fashe suka kama wuta, aka naɗe su cikin jirgin da wutar. Mutum 261, akasarinsu alhazanmu, babu wanda ya tsira. Jirgin haya ne, rajistarsa a wata ƙasa, kowa yana zaton wani ne ke dubawa.

Na san NCAA da takwararta ta Saudiyya suna tantance jiragen jigila kafin a fara, kuma ban ce ba sa yi ba. Amma mai biyan kuɗin bai taɓa ganin sakamakon ba. Ga abin da nake nema daga hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, da NCAA, kuma ba ya buƙatar sabon kasafi. Kafin sawun farko, a wallafa lambar kowane jirgi da ƙasar da ta yi masa rajista. A faɗi ko akwai umarnin dole da bai cika ba, da ranar cikar wa'adinsa. A faɗi ranar da aka yi wa baturansa da injin wutsiyarsa da farfelarsa gwajin ƙarshe. Umarnin FAA da EASA a buɗe suke a intanet, ba sirrin kasuwanci ba ne, don haka 'yan jarida da tsofaffin injiniyoyinmu za su iya kwatantawa. Doka ta yarda jirgi ya tashi da injin wutsiya a lalace na 'yan kwanaki bisa sharuɗɗa. To a rubuta a kwangilar jigila cewa duk sawun da aka yi da wannan rangwame, sai an sanar da hukumar alhazai ta jihar da abin ya shafa.

Wani zai ce mutanen Shanono na da damuwar da ta fi wannan kusa, ga 'yan bindiga da ke tsallakowa daga iyakar Katsina, ga tsadar taki. Gaskiya ne, kuma ɗaya ba ta soke ɗaya. Wani kuma zai ce kowa da ajalinsa. Haka ne, amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa tawakkali na ɗauke wa ma'aikaci amanar da aka damƙa masa ba. Wanda ya sa hannu cewa an duba alhali ba a duba ba, ba ƙaddara zai amsa ba, ha'inci zai amsa.

Saboda haka, a bitar bana, ina roƙon maniyyata su ƙara tambaya ɗaya kan ta guzuri da masauki: wane jirgi ne zai ɗauke mu, kuma ina takardar lafiyarsa? Jami'in alhazai ba zai iya amsawa nan take ba, amma zai kai ta Hukumar Jin Daɗin Alhazai ta Jihar Kano. Idan ƙananan hukumomi 44 suka aika tambaya iri ɗaya, hukumar za ta tura ta Abuja, kuma Abuja ba za ta iya cewa ba ta ji ba. 'Yan majalisarmu na tarayya su ma su ɗauke ta su kai zauren kwamiti tun kafin a rattaba hannu kan kwangilar jigila, domin bayan an sa hannu, magana ta zama roƙo.