Wasiƙar Daura: Babban Inji A Ƙaramar Mota

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon fili kamar yadda ka saba ba ni, don in yi wa 'yan'uwa masu karatu bayani a kan wata magana da nakan ji a bakin samarinmu na Daura da Zango da Mai'adua, watau a ciro ƙaramin injin mota a dasa mata babba, irin wanda ake kira V6 ko V8, wai don ta riƙa gudu kamar iska. Ban ce abin ba ya yiwuwa ba, gama makanikanmu da masu walda gwanaye ne. Amma wanda ya sake inji ya bar sauran mota yadda take, rabin aiki ya yi, rabin da ya bari kuwa shi ne mai tsare rai.

Bari mu fara da sunan, don malamai su gane. A cikin inji akwai ramuka da ake kira silinda, nan mai ke ƙonewa ya tura fistin. A ƙananan motoci silinda 4 ne, a jere sahu guda. A manya kuwa 6 ne ko 8, an raba su sahu biyu, sun haɗa gindi sun buɗe sama kamar harafin V na boko. Buɗewar takan kai digiri 60 ko 90, saboda haka injin yake da fāɗi da nauyi, ba ya shiga hancin ƙaramar mota sai an yanke ƙarfe.

To, dubi Golf ɗin nan da ke jigilar mutane daga Daura zuwa Katsina da Kano. Yawancinsu injinsu lita 1.6 ne ko 1.8, ƙarfinsa na doki 75 zuwa 90. Jamusawan kamfanin Volkswagen su ma sun yi sha'awar sa wa Golf silinda 6, suka ga ba wuri. Ba su ɗauko guduma ba, sai suka zauna suka ƙero sabon inji musamman, suka matse V ɗin har ya koma digiri 15 kaɗai, murfi ɗaya ya rufe sahun biyu. Shi ne VR6, wanda suka fitar a 1991, lita 2.8, ƙarfin doki 174. Duk da haka ba su tsaya nan ba. Suka ƙara girman birki, suka sake sifirin da kayan ƙafa, har taya ma suka mai da ita mai noti 5 maimakon 4. In masu ƙera motar da kansu sun ga lalle sai an yi wannan duka, ina dalilin da zai sa mu ɗauka injin da aka sayo a Ƙofar Ruwa ta Kano ya isa shi kaɗai?

Faransawa sun fi su wahala. A 2001 kamfanin Renault ya sa V6 mai lita 3 a cikin 'yar ƙaramar motarsa Clio. Da hancin ya ƙi ɗauka, sai suka cire kujerun baya ɗungum suka ajiye injin a wurin, suka faɗaɗa jikin motar, suka mai da ƙarfin ga tayoyin baya. Motar mutum biyar ta koma ta mutum biyu, nauyinta ya ƙaru da wajen kilo 300, kuma ta yi suna wajen wuyar sarrafawa a kwana, har a 2003 suka sake gyara ta. Haka kuma Ba'amurken nan Carroll Shelby, wanda a 1962 ya dasa V8 na Ford a cikin ƙaramar motar Ingila mai suna AC Ace, ta zama Cobra. Sa'ad da ya so ƙara mata inji mai lita 7 a 1965, sai da aka sake mata ƙashin gindi gaba ɗaya da bututun ƙarfe masu kauri. Samari sukan ji labarin gudun waɗannan motoci, amma ba a cika gaya musu labarin ƙarfen da aka sake ba.

Yanzu ga abin da ke faruwa in an yi dashen a gurguje. Nauyi ya taru a gaba, sifirin ya kwanta, in an zo kwana direba ya juya sitiyari mota ta nemi wucewa sosai abinta. Akwatin giya da kuloci da sandunan da ke kai ƙarfi ga taya, duk an auna su ne da ƙarfin doki 90, yau an ɗora musu ninki biyu, sai su riƙa cinyewa ɗaya bayan ɗaya. Babban inji kuma zafinsa babba ne, ga shi ya cika wurin har iska ba ta samun hanya, lagireto kuwa na ƙaramin ne. Kowa ya san bazarar Daura, watan Afrilu zafi yakan wuce digiri 40. Injin zamani har ila yau yana da na'urar da ke auna masa mai da wuta, in ba a zo da ita da wayoyinta cif ba, sai a yi ta jone-jone kusa da tiyon mai, daga nan gobara ba ta da nisa.

Amma babbar magana ita ce ta birki, kuma lissafi ne da kowane malamin makaranta zai iya yi a allo. In gudu ya ninka sau 2, tazarar da birki ke bukata kafin mota ta tsaya takan ninka sau 4. Motar da ta tashi daga kilomita 80 a awa ta koma 120, tazarar tsayawarta ta fi ninki biyu, ko da birkin lafiyayye ne. Ku tuna da hanyar Kwangwalam ran Lahadi, kasuwar Mai'adua na ci, ga shanu, ga amalanke, ga babura, ga yara masu talla a bakin titi. Mu mutanen Daura da muke kallon Hawan Magajiya mun sani, ba a hawan ingarma da linzamin zare.

Sai batun aljihu, shi kam a taƙaice. Tun da aka janye tallafin mai ran 29 ga Mayu 2023, silinda 6 baƙo ne mai ci da yawa. Lambar inji kuma tana rubuce cikin takardun mota, wanda ya sake inji bai sanar da ofishin lasin ba, ya jawo wa kansa magana da ma'aikatan hanya, in kuwa aka yi haɗari masu inshora sun sami hujjar tsame hannunsu.

Ra'ayina dai, motar haya mai ɗaukar 'ya'yan mutane kada a yi mata wannan dashe ko kaɗan, gama fasinja bai san abin da ke ƙarƙashin murfi ba balle ya yarda. Mai motar kansa da ya nace, to, ya nemo wadda aka haifa da injin, ko kuwa ya sayo inji da giyarsa da birkinsa da lagiretonsa da kayan ƙafarsa duk na gida ɗaya, ya fara da birki, inji ya zo ƙarshe. In ya yi lissafin kuɗin, galibi zai tarar ya kusa kuɗin babbar mota sukutum.

Ina kuma roƙon shugabannin Jami'ar Sufuri ta Tarayya da ke nan Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019, da na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, su buɗe wa makanikan gari ƙofa, ko da yini ɗaya ne a wata, a nuna musu yadda ake auna nauyin gaba da na baya, da yadda ake gwada birki kafin a miƙa wa mai mota makulli. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Malamin ofis, Daura.