Lambar Yabo Ta Fi Amfani Ga Matashi

Ya kamata masu ba da lambobin yabo a fannin nazarin saurin haɗuwar sinadarai su riƙa duba matasa. A shekarar 1884, Svante Arrhenius yana ɗan shekara 25 ya miƙa kundin digirinsa na dakta a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin, malamai suka ba shi maki kaɗan. Tallafin tafiya da Cibiyar Kimiyya ta ƙasarsa ta ba shi ne ya kai shi Riga wajen Ostwald a 1886. A 1889 ya fito da lissafin da ke bayyana yadda zafi ke gaggauta haɗuwar sinadarai, abin da ke sa madara saurin lalacewa da bazara. Lambar Nobel kuwa ba ta zo masa ba sai a 1903, bayan ya riga ya shahara.