Motar lantarki a Kelle: ba a fafe gora ranar tafiya

Tun da Najeriya ta janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, man ƴan ruwa-ruwa ya daina araha, kuma ƙarancin man da aka sha a Nijar cikin watan Maris na 2025 ya nuna cewa matatar SORAZ, da gangarta dubu 20 a rana, ba ta ƙosar da ƙasa ita kaɗai. Saboda haka ɗan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Kelle da Gure da Damagaram, idan ya fara tunanin mota ko babura masu aiki da lantarki, ba a ce ya yi wauta ba. Amma kafin ya ƙulla ciniki, ya kamata ya tambayi kansa: da wace wuta zai cika batir?

Lissafin ba shi da wuya. Na'urar cajin mota ta gida tana jan kilowat 7, kuma batir mai cin kilowat-awa 50 yakan ɗauki wajen awa bakwai kafin ya cika. Motoci biyu a lokaci guda kilowat 14 ke nan. Gidan da mitarsa ke bada kilowat 3 ko 6, don fitilu da fanka da firji, ba zai ɗauki wannan nauyi ba. Dole a sake mita, a sa wayoyi masu kauri, a binne waya ta kariya a ƙasa, wataƙila ma a koma layi uku. Wanda ya yi ƙoron kuɗin ma'aikacin lantarki na ƙwarai, gobara ce yake gayyata.

A nan ne zancen ya tashi daga na gida ya koma na siyasa. Wutar gida ba ta maigida kaɗai ba ce. Taransifoma guda ke ciyar da unguwa, kuma idan attajiri ya jona motoci biyu da magariba, fitilar maƙwabcinsa ce za ta dushe, firjin ajiye allurar rigakafi na gidan likita ne zai tsaya. Shin adalci ne mai hali ya kwashe rabon talakawa don kawai ya iya biyan babbar mita?

Ita kanta wutar, daga ina take zuwa? Layin da ke ciyar da Maraɗi da Damagaram daga Katsina yake shigowa ta Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take sayar wa Nijar, wadda a lokacin ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da kamfanin NIGELEC ke rabawa, ba ta maido ta ba sai a 2024. Kayan aro ba ya rufe katara. Wanda ya guje wa man maƙwabci ya dogara ga wutar maƙwabci, bai yi nisa ba.

Abin da ƙasar Kutus take da shi a yalwace rana ce. Tashar Malbaza mai megawat 7 ta 2018 da ta Gorou Banda mai megawat 30 ta 2023 sun tabbatar da cewa hasken rana yana aiki a Nijar. Batirin babur kilowat-awa 2 zuwa 4 kawai yake ci, allunan sola kaɗan sun ishe shi da rana tsaka. A Ruwanda da Benin masu kabu-kabu suna musanya batir a tasha cikin ƴan mintoci, ba su jiran wutar gida. Rumfar caji guda a bakin kasuwa, wadda ƴan kasuwa suka haɗa kuɗi suka gina, ta fi babbar mita goma a gidaje goma amfani.

Saura aikin hukuma. NIGELEC ta auna ƙarfin taransifomar unguwa kafin ta ƙara wa kowa mita, kuma mai neman ƙarin ya biya rabonsa na ƙarfafa layi. Hukumar ANPER, mai kula da kai wuta karkara, ta sa cajin babura cikin lissafin ƙananan tashoshin sola. Hukumomin Kelle da Gure su ware fili kusa da tashar mota. Dokar da aka tsara kafin motocin su iso za ta kare kowa, wadda aka tsara bayan manya sun jona nasu kuwa, su kaɗai za ta kare.