Ƙungiyar da ta rataya a wuyan mutum ɗaya

Duk mai zuwa taronmu na ƙarshen wata ya ga yadda kujeru suka fara fin mutane yawa. Kafin mu ɗora laifin a kan tsadar kuɗin mota, bari mu duba labarin wata ƙungiya da aƙidarmu ta sha bamban da tata, amma ciwonta irin namu ne.

A 1875 aka kafa ƙungiyar Tiyosofi a birnin New York na Amurka, ƙarƙashin wata 'yar Rasha, Helena Blavatsky, da Kanar Henry Olcott. Sun ce manufarsu ita ce 'yan'uwantaka tsakanin bil'adama da nazarin addinai da falsafa. A 1882 suka mayar da hedikwatarsu Adyar, a gefen Madras ta Indiya.

Tun da wuri rigimar manya ta fara cin ta. A 1895 William Judge ya ɓalle da yawancin rassan Amurka. A 1913 Rudolf Steiner ya tafi da mafi yawan Jamusawa. Duk da haka sai ta sake cika, saboda shugabanta Annie Besant ta ɗauki wani yaro Ba'indiye, Krishnamurti, ta shelanta cewa ta bakinsa babban malamin duniya zai yi magana. Jama'a suka yi ta tururuwa, har mambobi suka kai kusan 45,000 a 1928. Shekara ɗaya bayan haka, a garin Ommen na ƙasar Holan, Krishnamurti ya miƙe gaban taro ya rushe reshen da aka kafa dominsa, ya ce ba ya bukatar mabiya. Dubbai suka watse, kuma har yau ƙungiyar ba ta koma wancan adadi ba.

Amma ba ta mutu ba. Ɗakin karatun da Olcott ya buɗe a Adyar a 1886 yana nan, makarantar da ya kafa wa 'ya'yan talakawa a 1894 tana aiki, ƙananan rassa suna zaman karatunsu. Waɗanda suka zo kallon mutum ɗaya sun tafi da tafiyarsa, masu aiki a hannu suka zauna.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Idan muka samu shugaba mai hannu da shuni, zaure ya cika. Ranar da ya koma Arewa ko kasuwa ta juya masa baya, sai a nemi mutane a rasa. Sabon mamba kuma ya biya kuɗin rajista, ya zauna a baya wata uku ba wanda ya tambayi sunansa, sannan mu yi mamakin ɓacewarsa.

Shawararmu ita ce duk wanda ya shigo a ba shi aiki tun watan farko, ko da karɓar kuɗin wata ne ko rakiyar dubiya asibiti. Wanda aka rasa a zama biyu a je gidansa, domin zumunci a ƙafa yake. A riƙa karanta lissafin kuɗi a bainar jama'a. Matasanmu da aka haifa a nan Kudu a ba su kujera a kwamiti, ba jera kujeru kawai ba.

A zama mai zuwa kowa ya zo da mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka daina zuwa. Allah Ya ƙara haɗa kanmu.