Mai Wasa Ya Fi Kowa Cancantar Zaɓen Maɓallinsa

Daga cikin al'amuran da zamani ya zo da su, waɗanda dattawa ke ɗauka wasan yara ne kurum, alhali kuwa akwai ilmi da sana'a mai zurfi a ƙarƙashinsu, har da al'adar nan ta ma'abota wasannin kwamfuta, inda mutum zai ɗauki wasan da wani kamfani ya ƙera ya sayar, ya shiga cikinsa ya ƙara masa abin da maƙeransa ba su sa ba, sa'an nan ya bayar da shi kyauta ga duk mai bukata. Wannan ƙari shi ne suke kira mod. Daga cikin ire-irensa akwai wanda ya shafi motsin jikin jarumin wasa, wato yadda yake tafiya, da yadda yake zare takobi, da yadda yake gocewa sara, da yadda yake zama ko rusunawa. Kowane motsi irin wannan, in dai mai wasa ne zai tayar da shi da nufinsa, lalle ne a ɗaura shi a kan wani maɓalli na kibod, kuma a nan ne mas'alar da nake son tattaunawa take. Ra'ayina shi ne, wajibi ne a kan duk wanda ya ƙera irin wannan ƙari ya bar wa mai wasa ikon sauya maɓallan yadda ya ga dama, kuma wanda ya ƙulle su ya tauye hakkin mutanen da ya ce yana yi wa hidima, ko da kuwa aikin nasa sadaka ne.

Ya kamata mu fara sanin cewa tsarin da ake bi yau ba a gina shi bisa wata hujja yankakkiya ba. Jerin haruffan kibod da muka saba da shi gadon keken rubutu ne na Christopher Sholes, wanda kamfanin Remington na Amurka ya fara sayarwa a 1874, lokacin da babu wanda ya taɓa tunanin za a yi gudu ko tsalle da shi. Haka kuma haruffan nan huɗu, W da A da S da D, waɗanda yatsun hagu ke tafiyar da jarumi da su, sun shahara ne bayan da Dennis Fong ya lashe gasar wasan Quake a 1997 yana amfani da su, sa'an nan wasan Half-Life na 1998 ya mai da su tsarinsa na asali, sauran kamfanoni suka bi sahu. Ashe ke nan abin da wani gwani ya zaɓa domin ya dace da hannunsa shi ne ya zama al'adar duniya. To, da wace hujja za a hana na baya yin irin ijtihadin da na farko ya yi, a tilasta masa taƙlidi a kan abin da ya shafi tsawon yatsunsa?

Mu ɗauki wasan Skyrim, wanda kamfanin Bethesda ya fitar ranar 11 ga Nuwamba 2011, domin yana cikin wasannin da aka fi yi wa ƙare-ƙare, musamman tun da kamfanin ya saki kayan aikin gyaransa a 2012. Tun kafin a ƙara masa kome, wasan ya riga ya mamaye maɓallan da ke kusa da hannun hagu: R na zare makami ne, Z na ihun sihiri, Ctrl na sanɗa, Alt na sheƙawa da gudu, E na buɗe ƙofa da ɗaukar kaya, Q na jerin abubuwan da mutum ya fi amfani da su, dogon maɓallin ƙasa kuwa na tsalle. Idan mutum ya ƙara motsin gocewa, ya ƙara na sauya riƙon takobi, ya ƙara na zama da kwanciya, kowane maƙeri kuwa ya zaɓi maɓallinsa ba tare da sanin abin da ɗan'uwansa ya zaɓa ba, to, babu makawa sai biyu sun haɗu a kan ɗaya. Sai ka ga mutum a tsakiyar faɗa ya danna domin ya goce, jarumin ya durƙusa a gaban abokin gaba. Ko kuma, abin da ya fi wannan ciwo, a ɗaura wani motsi a kan F9, wanda a wannan wasa shi ne ke mayar da mutum inda ya yi ajiyar gaggawa ta ƙarshe, ya danna shi cikin rashin sani, aikin sa'a guda ya tafi a banza.

Maƙerin da ya bar wannan ya faru ba shi da uzuri mai ƙarfi, domin an riga an share masa hanya. Akwai wani ƙari mai suna SkyUI, wanda yake aiki bisa wani mai suna SKSE, kuma a cikinsa akwai shafin saiti da kowane maƙeri zai iya rataya nasa a kai, ta yadda mai wasa zai shiga ya zaɓi motsi, ya danna maɓallin da yake so, shi ke nan an ɗaura. Abin da ya fi burge ni game da wannan tsari shi ne, idan maɓallin da aka zaɓa yana da wani aiki tuni, yakan sanar da ƙarin nan sunan aikin da aka yi karo da shi, saura kawai maƙeri ya rubuta 'yan layuka domin gargaɗi ya fito a kan allo. Wanda aka sauƙaƙa wa har haka, ya kuma ƙi, sakaci ne ya hana shi.

Akwai waɗanda suka tsaya a tsakiya, suka ce ai ga fayil ɗin saiti nan, kowa ya buɗe ya sauya. Wannan ya fi babu, amma wahalarsa ba kaɗan ba ce ga wanda bai ƙware ba, domin a cikin irin waɗannan fayiloli lamba ake rubutawa a madadin sunan maɓalli, kuma lambobin ba iri ɗaya ba ne a ko'ina. A ƙidayar da Skyrim ke bi, W shi ne 17, A shi ne 30, F8 kuwa 66. Amma a ƙidayar Windows, wadda wasu ƙare-ƙaren wasan Grand Theft Auto V ke bi, wannan F8 ɗin dai shi ne 119. Yaro zai nemo jadawali a intanet, ya kwafi lamba daga wanda ba shi ne ya dace ba, ya shiga wasa ya yi ta danna maɓalli babu abin da ya motsa, daga ƙarshe ya yanke hukuncin cewa kwamfutarsa ce ba ta da kyau.

A nan ne kuma lamarin ya taɓo mu kai tsaye. 'Yan'uwanmu na Maradi da Damagaram da Yamai, da yawa daga cikin kwamfutocin da ke hannunsu kibod ɗin Faransa gare su, wanda layinsa na sama ya fara da A da Z, don haka inda na Kano ke samun W, su Z suke samu, inda yake samun A, su Q ne. Ƙidayar Skyrim gurbin maɓalli take dubawa, saboda haka lamba 17 tana nan a gurbinta ko mene ne aka zana a kai; amma ƙarin da ke duba harafi, idan aka ƙulle shi a kan W, sai ya tura yatsan mutumin Maradi can ƙasan kibod, kusa da Shift. Haka nan da yawa daga cikin matasanmu da ƙananan kwamfutocin cinya na gwanjo suke wasa, waɗanda ba su da rukunin lambobin nan na gefen dama, alhali kuwa shahararren shafin umarni da ke zuwa tare da ƙarin nan mai suna Script Hook V na wasan Grand Theft Auto V, da F4 ake buɗe shi, da lambobin gefen dama kuma ake yawo a cikinsa. Mutum ya buɗe shafi yana gani, amma ba shi da abin da zai sauka ko ya hau da shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma maƙerin da ke zaune a Jamus ko Japan gaban babban kibod ba zai taɓa hango wannan ba sai in ya bar ƙofar gyara a buɗe. Mu da muke rubutu da Hausa mun san ɗacin wannan tun da daɗewa, domin ɓ da ɗ da ƙ ba su da gurbi a kibod ɗin da muke saya, sai da taimakon manhaja irin su Keyman muke sama musu wuri.

Hujjar da ta fi duk waɗannan nauyi a wurina ita ce ta masu lalura. Akwai bahago, akwai wanda shan inna ta taɓa wa hannu, akwai wanda ya rasa yatsu a haɗarin babur ko a bakin injin niƙa, akwai kuma wanda ba ya iya riƙe maɓalli biyu a lokaci guda. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa inda tsanani ya samu, sauƙi yakan biyo baya, har aka yi wa mara lafiya rangwame a cikin ibada, wadda ita ce mafi girman al'amura. To, ina ga abin nishaɗi, wanda ba a yi shi ba sai domin hutun zuciya? Manyan kamfanoni sun fara gane haka, domin Microsoft ya fitar da na'urar sarrafa wasa ta musamman saboda masu naƙasa a 2018, wasan The Last of Us Part II na 2020 kuma ya zo da saituna fiye da 60 na sauƙaƙawa, ciki har da sauya kowane maɓalli. Bai dace masu aikin sa-kai, waɗanda asalin sana'arsu ita ce gyara abin da kamfani ya bari, su zama su ne a baya ba.

Na san za a ce wanda ya yi aiki kyauta ba a ɗora masa sharaɗi, kuma akwai gaskiya a ciki, domin waɗannan mutane dare suke rabawa suna aiki ba tare da ko anini ba, kuma zagin da wasu ke yi musu rashin tarbiyya ne. Sai dai neman a kyautata aiki daban yake da butulci, kuma wanda ya yi niyyar alheri shi ya fi kowa son alherin nasa ya isa ga wanda ya fi bukata.

Shi ma mai wasa akwai abin da ya hau kansa. Ya karanta bayanin ƙari kafin ya sa shi, ya riƙa sa su ɗaya bayan ɗaya yana gwadawa, ya kuma ajiye takarda kusa da shi yana rubuta wane maɓalli ya ba wane motsi, domin mantuwa ita ce asalin yawancin karon da ake samu. Motsin da ake bukata cikin gaggawa, kamar gocewa, ya sa shi inda yatsa zai kai ba tare da ya bar W ba, ko a maɓallan gefen linzamin kwamfuta in yana da su. Na zama da gaisuwa kuwa ya kai su can nesa. Ya guji haɗa Alt da F4, domin Windows rufe wasan zai yi, ya guji Alt da Tab, domin fitar da shi zai yi. Ya kuma sani cewa danna Shift sau biyar a jere yakan fito da wani saƙon Windows a tsakiyar wasa, sai an kashe shi daga saiti. Kibod mai araha kuma sau da yawa ba ya jin wasu haruffa uku in an danna su tare, shi ya sa haɗa harafi da Shift ko Ctrl ya fi aminci. Idan kuwa a Skyrim ya ga jarumi ya sandare, hannuwa a miƙe dama da hagu, ba ya amsa kome, to, kada ya ɓata lokaci yana sauya maɓallai, domin galibi abin da ya faru shi ne bai sake tayar da manhajar FNIS ko Nemesis ba bayan ya sa sabon motsi, alhali su ne ke shigar da motsin cikin kundin halayen jarumi kafin wani maɓalli ya iya kiransa.