Kafin ka biya kuɗin kwamfuta, duba farinta

Malamai da iyaye a Dogondutsi da Tibiri suna sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, galibi ta hannu. A duba batir, a duba maɓallai, a manta da fuskarta. Sai an kai gida a ga fari ya koma rawaya ko ja-ja. Ga ɗalibin da ke karanta taswira, launi shi ne darasin.

A ganina, jiran kamfanin da ya ƙera ta ɓata lokaci ne. Garantinsa galibi shekara 1 ce, kuma wadda ta gama aiki a Turai ta daɗe da wuce wannan. Ko da saura, wa zai yi kusan kilomita 270 zuwa Yamai neman wakili? Garantinmu na gaskiya shi ne mai shago.

Saboda haka a gwada tun a gabansa. Buɗe hoton tutar Nijar: farin tsakiya ya fito fari tas. In ya yi rawaya, kashe hasken dare na Windows, wanda ke rage shuɗi. In bai gyaru ba, haɗa ta da talabijin ta wayar HDMI. Launi ya yi daidai can? To, laifin gilashin ne ko wayar da ta bi ta mahaɗin murfi.

Sannan a karɓi takarda mai lambar kwamfutar da kwanakin da za a iya maido ta. Mai shagon da ya ƙi rubutawa, a bar masa kayansa.